Kitse da Kitso

Zuwa ga Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da ƙananan halittun da aka ce kina kiwo a kwalba. Mu nan alhamdu lillahi. Maman yara tana gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi. Ni kuwa kunnen nan nawa da ƙarar keken ɗinki ta cinye sai ƙara tafiya yake yi, saboda haka kada ki wahalar da kanki kina bugo waya, ba abin da nake ji sai hayaniya. Takarda dai ita ce tamu.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Shekara tara rabonki da mu, kuma ni ba gwanin alƙalami ba ne. Amma kakana da kakanki wa da ƙane ne, kuma shekara biyar kika yi a gidanmu kina cinye mini rabon nama, don haka ina da ikon damunki duk lokacin da na ga dama.

Maganar Inna ce. Jikinta lafiya lau, tana ci tana sha, tana hawa matakalar bene da ƙafarta. Kan ne ya fara yoyo. Da farko mabuɗi ne da tabarau, muka ce tsufa ne. Sai ta ajiye butar shayi a durowar kaya. Ran nan kuma ta sauka bakin titi da mayafinta, mai kantin ƙasan benenmu ya tambaye ta ina zuwa, ta ce za ta ɗauko ki daga makaranta, an tashi tun ɗazu kuma Tsinke ba ta iya tsallaka titi ba. Da dabara ya dawo da ita. Ta zauna a kujerar nan tata ta bakin taga, wadda ta shekara arba'in tana yi wa matan unguwa kitso a kanta, ta yi ta kallon titi har la'asar.

Ta daina kitson tun bara. Ta ce yatsunta ne suka gaji, amma ni na ga ranar da ta tsaya da tsinken tsaga a hannu tana jujjuya shi, ba ta san na mene ne ba. Nata gashin ma ya cukurkuɗe, ba ta yarda a taɓa. Maman yara ta ce a rage mata shi da almakashi kowa ya huta. Na ce a dakata tukuna.

Abu biyu nake nema a wurinki. An ce aikinki ya shafi ƙwaƙwalwa, to ki gaya mini da bakin da tela zai gane, me ke cin kan Inna? Sannan ki zo. Har yanzu idan na ce “Tsinke” fuskarta tana washewa, amma ban san har yaushe ba. Zumunci a ƙafa yake, ba a cikin ambulan ba.

Yayanki kuma taubashinki,
Tela

*

Yaya Tela,

Wa alaikumus salam. Sati uku takardarka ta yi a hanya. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na yawan tsayuwa. A gaishe mini da Anti da yara, a yi mata sannu da gwiwa. Maganar nama kuwa, Innarka ce, Gwaggona, ke ɗauka daga kwanonka ta sa a nawa, ka je ka tuhume ta.

A tsaye na karanta takardar a bakin akwatin wasiƙu, na hau sama na sake karantawa, ranar ban iya cin komai ba. Na tuna kujerar. Ƙafarta ɗaya gajeriya ce, an cusa mata ninkakken kwali. Duk Asabar nakan zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin Gwaggo, ga ƙanshin man kitso, ga rediyo yana ta surutunsa, ga kekenka yana kuka a ɗaya ɗakin. In na motsa ta ƙwanƙwashe ni da bayan mataji ta ce, “Ki tsaya mana, kai ba ya kitsuwa da gudu.” Lokacin Mama tana kwance a asibiti ba wanda ke gaya mini komai, amma muddin hannun Gwaggo yana kaina ba na jin tsoro.

Ga amsar tambayarka, amma ka sani ni ba likita ba ce, kuma ban ga Gwaggo ba. Jikinmu duka, har ƙwaƙwalwa, da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, shi kuma tantanin jeri biyu ne na kitse, ɗaya a waje ɗaya a ciki. A jikinsa akwai wasu zaruruwa da suka tsiro waje kamar gashi, sunansu furotin. A gefensu akwai wasu furotin ɗin da ba su da aiki sai yanka, ni almakashi nake ce musu. Sukan datse zaren daga gindi, guntun ya tafi ya kai saƙo wani wuri. Yankan ba laifi ba ne, da shi jiki ke aiki.

Kai ka fi ni sanin cewa yadi ɗaya ne, inda aka sa almakashi ne ke raba riga da asara. A ƙwaƙwalwa akwai wani zare da almakashi iri biyu ke nema. In na farko ya riga, ya yanka inda ya dace, shi kenan. In na biyu ya riga, daga baya sai a samu wani guntu mai danƙo, irinsa ne ake tarar da shi ya taru a kan masu ciwon mantuwa. To abin da nake bi shekara tara shi ne, wa ke zaɓar wanda zai riga? Abin da muke gani, kitsen yana da babban hannu a ciki. Inda ya cushe ya matse, wani almakashin ke samun shiga, inda ya saki kuma wani. Akwai ma wanda ba ya buɗe baki sai wani kitse na jerin ciki ya juyo waje. A taƙaice, kitse ne ke riƙe da hannun almakashi. In aka san yadda za a gyara kitsen, ana sa ran za a iya rage mummunan yankan.

Roƙona shi ne ka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada a jinkirta.

Maganar zuwa ita ce ta fi mini nauyi. Ina tsakiyar gwajin da na shekara biyu ina shiryawa. Ƙwayoyin suna cikin wani akwati mai ɗumin jikin mutum, duk bayan kwana biyu sai na canza musu ruwan da suke sha, in na yi tafiya sun mutu. Ka ba ni wata biyar, Yaya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi cikin bas.

Ƙanwarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan bayan ya yi sauƙi. Ki riƙa zama mana, ko an hana masu ilimi kujera ne?

Rubutun nan naki kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Sai da na haɗa tabarau biyu, nawa da na Inna. Amma na gane, kuma na gane sarai. Ashe ilimin a gidanmu yake zaune shekara da shekaru ba mu sani ba, sai da kika je can kika gano mana shi a kwalba.

Tun ranar da takardarki ta zo muka fara abin da kika ce. Yau sati huɗu kenan. Tsinke, da kin ga Inna. Tana barci, tana dariya, ba ta sake neman hanyar titi ba. Shekaranjiya ta kira Maman yara da sunanta na yanka, wanda ni kaina na kusa mantawa. Har faɗa ta yi mini wai na bar ƙyallaye a ƙasa, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Almakashi kuwa na kwashe su duka daga gidan na kai shago, har ƙaramin nan na yanke farce.

Na karanta mata wurin da kika yi maganar kujera. Ban san me ta gane ba, amma ta karɓi takardar ta ninke ta sa a ƙarƙashin filo. Kwalin nan har yanzu yana nan, na canza shi ya fi sau goma, ban taɓa tunanin in gyara ƙafar ba.

Don haka ki kwantar da hankalinki ki gama aikinki. Na janye gaggawar da na sa miki. Tunda maganinki yana aiki, ki shayar da dabbobinki har su ƙoshi, Inna tana nan.

Yayanki,
Tela

*

Yaya Tela,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ina lafiya, bayan ma ya saki tun da na karanta takardarka. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, kai ma ya saka maka da ka kai ta da wuri. Ka yi dabara da ka kwashe almakashin, a haɗa da wuƙa da ashana.

Ni ma ina da ɗan labari. Na rage wa ƙwayoyina wani irin kitse mai sa tantani ya yi tauri, sai na ga almakashin farko, na kirkin, ya ƙara himma. Wasu sun ga haka kafin ni, amma ni ina neman dalilin, kuma ina jin na hango bakin zaren. Na tsaya a gaban na'ura ina kallon wani ɗan baƙin layi a kan farar takarda ina murmushi ni kaɗai, har mai shara ta tambaye ni ko an yi mini albishir ne.

Uwar ɗakina a wurin aiki ta ce sai an maimaita sau uku kafin kowa ya yarda, sannan a rubuta. Wata shida kenan a kan biyar ɗin da na ce. Da takardarka ta farko ce a hannuna da na ce mata a'a. Amma tunda ka ce Gwaggo tana nan, na amsa.

Ran nan a kanti na buɗe wata kwalbar man gashi don kawai in shinshina, sai ga ni a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Na saya, ga ta nan a kan taga ban taɓa amfani da ita ba.

Ka rubuto mini sunan maganin da aka ba ta, da sau nawa take sha.

Ƙanwarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, wata uku ban rubuto ba, ɗinkin kayan 'yan makaranta ne ya rufe ni, daga shi kuma zazzaɓi ya kwantar da ni. Yanzu na miƙe. Kowa yana gaishe ki.

Kin ɗaure mini kai. Wane likita kuma, wane magani? Ba mu je wurin kowa ba. Me za mu nema a asibiti bayan ke da kanki kin rubuta, kuma ga takardar a gabana, cewa kitso ne ke riƙe da hannun almakashi, in aka gyara kitson za a rage mummunan yankan?

Bari in ba ki labarin yadda aka yi. Ranar na ce wa Maman yara, kin ji, da mun sa mata almakashi da mun taimaki ciwon. Kwana uku ta yi tana lallaɓa Inna tana tsefe kan da mai, kaɗan-kaɗan. A rana ta huɗu ta fara kitsawa. Tana cikin jeri na biyu sai Inna ta kai hannu baya ta shafa, ta ce, “Wannan tsaga ce ko hanyar tururuwa? Wa ya koya miki?” Ta miƙa hannu a ba ta tsinke. Ta ce, “Tashi ki zauna a ƙasa.” Maman yara ta zauna, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da dutsen guga a hannu har ya huce. Yatsun nan suka tafi kamar ba su taɓa tsayawa ba.

Tun daga ranar ba a fashi. A yi mata nata da safe, ita kuma ta yi wa wata. Na gaya wa duk layinmu cewa malamar gidanmu ta gano magani, matan kuwa suka yi mana kara. Wasu sukan tsefe kan da aka yi jiya don kawai su dawo.

Ga abin mamakin. Fuska ba ta gane ta yanzu. Mace za ta shigo ta gaishe ta, ta amsa kamar baƙuwa. Amma da ta zauna, Inna ta nutsa yatsu cikin gashin, sai ki ji ta kira sunanta, ta haɗa da na uwarta. Matar mai kanti har kuka ta yi, don Inna ta ce mata, “Har yanzu kina kwana a kan ɓangaren hagu, ga shi nan duk ya kakkarye.”

Ni kuwa da sanƙo ya share tun kina nan, ba ni da abin miƙa mata. “Malam mai ɗinki” take ce mini, cikin ladabi, ta tambaye ni ko zanenta ya yi. In ce sai gobe, Hajiya. Ta ce ku teloli haka kuke. Ina dariya a gabanta, amma ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci mini rai. Ke dai ba ki da damuwa. Gashin nan naki mai taurin tsiya da ya karya mata mataji uku, tana sa hannu za ta san ke ce.

Sai dai sauran abubuwan suna ta tafiya. Wanka sai an yi mata, cokali wani lokaci sai an sa mata a hannu. Ina tsoron ko mu ne muke kuskure. Kin ce inda ya matse wani almakashin ke shiga, inda ya saki wani, amma ba ki ce wanne ne na kirkin ba. Mu dai muna yi mata matsattse yau, sakakke gobe. Sannan wanda kika ce jerin ciki ke juyowa waje, Maman yara ta ce ta san shi, amma yana ɗaukar lokaci. Shi za mu riƙa yi? Ki amsa da wuri.

Yayanki,
Tela

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, amma ban san ta inda zan fara ba.

KITSE na rubuta, Yaya. Ga shi da manyan baƙaƙe. Kitse irin na nama, irin na jikin mutum. Ba kitso ba. Hannuna ne bai bambanta ƙarshen kalmar ba, bas kuma tana girgiza, ni kuma na je na ce zaruruwan kamar gashi suke. Ba laifinka ba ne ko kaɗan. Duk wanda ya tashi a ɗakin nan ya ga “jeri biyu” da “matsewa” a rubutun kaza, abin da zai karanta kenan.

Kwana uku takardarka tana kan teburina. Na yi dariya har na riƙe ciki a wurin matsattse yau sakakke gobe, daga nan kuka ya karɓa. Na so in bar ka a haka. Na ce me zai rage ni in na ce masa sakakken ya fi? Amma kai kana can kana zargin kanku, Gwaggo ba ta ga likita ba, ni kuma na ƙara wata shida a kan maganin da babu shi.

Kitso ba ya kai wa inda almakashin nan yake. Abin da nake magana a kai ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ni kaina a faranti nake ganinsa, ban taɓa warkar da ko mutum ɗaya ba. Kada kuma ka ce za ka hana ta mai a abinci, ba a tukunya ake gyara wannan kitsen ba. Ciwon bai tsaya ba, Yaya, tafiya yake. Amma abin da ka gani da idonka gaskiya ne. Sau da yawa abin da hannu ya iya yakan daɗe bayan sunaye sun tafi. Kun mayar mata da aikinta da mutanenta, ni ban san wani abu a ɗakin gwajinmu da zai yi mata haka ba. Don Allah kada ku daina. Ku dai haɗa da likita.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni rubutu kwana ukun. Ba ni da gashi. Shekara bakwai kenan. A nan ba mai yi mini, hular aiki kuma tana dame shi, na gwada mata biyu duk hannunsu bai yi mini ba. Wata rana na taso daga aiki na shiga shagon aski na ce a kwashe duka. Duk hoton da na aiko muku da ɗankwali ne, shi ya sa ba ku sani ba. Duk sati biyu nake zuwa a sake bi, na ƙarshe kwana biyar kafin takardarka ta iso.

Na daina zuwa. Amma kafin a samu abin kamawa sai an yi wata huɗu ko biyar. In na zo yanzu zan zama wata baƙuwa da ta shigo gaisuwa. In na jira, ban san me zan tarar ba. Ka gaya mini abin da zan yi, kai ke ganinta.

Tsinke

*

Tsinke,

Wa alaikumus salam, ko da yake ni ne ya kamata in fara. Muna nan. Sati biyar ban amsa ba, kuma wannan karon ba ɗinki ba ne, ba zazzaɓi ba. Ni ne.

Kunya ce ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi, na rasa wanda zan yi wa sai ke. Na ɗauko takardar na kai bakin taga na duba da rana tsaka. Kitse ne. Da na sani ƙeya ce. Na tara matan na gaya musu gaskiya, ina jiran a yi mini dariya. Matar mai kanti ta ce, “To sai me? Gobe ni ce da layi.” Ba wadda ta daina zuwa.

Mun je wurin likita. Ya yi mata tambayoyi, ta amsa masa biyu, ta ce masa kansa yana son mai. Ya ba da wasu ƙwayoyi, ya ce za su ɗan rage gudun abin amma ba za su tsayar da shi ba. Ya ce duk mai son ganinta ya zo.

Hannunta na hagu ya fara rawa. Kan da take gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai ta kai azahar, kuma Maman yara ce ke ƙarasawa a ɓoye.

Kada ki jira gashi. Ni shekara nawa ina jiran nawa? Ki ba wani ya shayar miki da dabbobin, ki taho. Ba zan yi miki alkawarin komai ba. Amma mu biyu ne za mu zama baƙi a ɗakin, ya fi ni kaɗai.

Yayanki,
Tela

*

Yaya Tela,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, sai gajiyar hanya. A gode wa Anti, kwana goman nan ban san da bakin da zan gode mata ba. Rigar da ka ɗinka mini ta yi mini daidai, ashe idonka bai bi kunnenka ba. Ƙwayoyin faranti biyu sun mutu a hannun wadda na bar wa, sai ba ni haƙuri take yi, na ce mata ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin.

A tasha ka tambaye ni me Gwaggo ta ce mini ranar ƙarshe. Kana tsaye a ɗakin amma na san ba ka ji ba. Na ce maka ba komai. Ƙarya na yi, ba zan iya faɗa da ƙarfi a cikin mutane ba ne.

Ka ga kwana tara ina kewaye kujerar nan da ɗankwalina. Tana ce mini sannu da zuwa, a kawo wa baƙuwa ruwa. Tsoro nake ji, don muddin ban zauna ba ina da sauran rabo. A rana ta goma na zauna. Gwiwoyinta sun rame, amma wurin yana nan yadda na san shi. Ta zare ɗankwalin. Ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta dawo, ta sake.

Ta ce, “Wa ya yi miki wannan ɓarnar?”

Na ce ni ce.

Ta ce, “Ba ki da uwa ne?”

Na ce ina da ita.

Ta ce, “To ba ta kyauta ba.”

Ta gwada kamawa, ya zame. Ta sake, ya zame. Sai na kasa daurewa na ce, “Gwaggo, Tsinke ce.” Ta yi 'yar dariya ta ce, “Tsinke gashi gare ta har kafaɗa, 'yar nan.” Ta lakato mai ta shafe mini kan gaba ɗaya, a hankali, har bayan kunne. Ta ce, “Ba abin kamawa. Je ki, ki dawo in ya tsiro. Kada ki bari kowa ya taɓa.”

Ba ta gane ni ba, Yaya. Na san haka zai iya faruwa, ni ce ma mai bayanin dalili da jeri da tantani, amma sanin bai rage mini komai ba. Kwana uku ban wanke kan ba.

Na gaya wa uwar ɗakina zan sake tafiya, ta ga dama ta riƙe mini gurbina, ta ga dama ta ba wani. Ta ce yaushe. Na ce ban sani ba tukuna.

Ƙanwarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kika isa lafiya. Mu ma lafiya, sai kewa. Na karanta takardarki a shago, na rufe ƙofa na ɗan lokaci.

Ga abin da ba ki sani ba. Likita ya ce sabon abu ba ya zama a kanta, kuma haka ne, ko ta ci abinci yanzu sai ta ce ba a ba ta ba. Amma washegarin tafiyarki ta tambayi Maman yara, “Yarinyar nan da aka yi wa ɓarna, ta dawo?” Muka ce tukuna. Da gari ya sake wayewa ta sake tambaya. Yau sati huɗu, ba ranar da ba ta tambaya ba. Ni ma ta tambaye ni, ta ce, “Malam mai ɗinki, in ka gan ta a hanya ka ce kada ta ji kunya, ta zo, ni zan gyara mata.” Ba ta san ke ce ba. Amma duk duniya ke kaɗai take jira.

Hannun yana ƙara rawa. Jiya jeri ɗaya ta yi ta ajiye. Na lura gajeren gashi ne ke fara kufce mata, sai na ɗauko tef na riƙa auna na matan da ke zuwa, suna ta yi mini tsiya wai tela ya koma awon kai. Watan jiya inci biyu da rabi ya ishe ta kamawa. Yanzu sai uku.

Ki auna naki ki gaya mini.

Yayanki,
Tela